Algaitar Sukotland ba a koyonta a gaggauce

Malam Edita, barka da aiki.

Ina so in ɗan yi magana kan algaitar nan mai jaka ta mutanen Sukotland, wadda sojojinmu ke busawa ranar faretin 1 ga Oktoba, mutane na ta dariyar siket ɗinsu amma wallahi aiki ne ja.

Mai koyo ba jakar ake fara ba shi ba, wata 'yar sarewa ce zai yi watanni yana horar da yatsu a kai, sautuka 9 ne kacal amma kwalliyar da ke tsakaninsu ita ce wahalar. Sai daga baya ya ɗauki jakar da bututunta 3 masu gunji, yana hurawa yana matsawa da hannu kar sautin ya yanke, aikin da mabushin algaitarmu ke yi da kumatunsa kenan. Makaɗan ganga ma kan faifan roba suke farawa.

Kuma a ka ake haddace kiɗan, ba takarda a fili. Duk Agusta ana gasar duniya ta masu wannan algaita a birnin Glasgow na Sukotland, don Allah jaridarku ta zanta da sojojin nan mu ji yadda suka koya.

Naku,
wani mai karatu daga Zariya