Godiya ga Kafintan da Ya Ceto Kujerun Mahaifiyata a Jidda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na rubuto ne domin in gode wa wani ƙaramin shagon kafinta da ke kudancin Jidda, ba nisa da kasuwar Sawarikh, musamman dattijon wurin da kowa ke kira Baba. Na san ba mai son a yayata shi ba ne, amma abin da ya yi mini ya wuce in yi shiru.

Kujeru shida ne na wani katako mai ƙarfi da ake kira zan, na marigayiya mahaifiyata, tun muna yara a unguwar Gulail ta Jidda muke zama a kansu. Da rusau ɗin 2022 ya tashe mu, wajen kwasar kaya ƙafafun biyu suka saki, sauran kuma fentinsu duk ya ɓamɓare. Sababbi sun fi ƙarfin aljihuna, balle ga harajin kashi 15 cikin ɗari da ke kan kaya tun 2020.

Kafin in kai ga Baba na sha takaici. Wani ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba. Wani ya ce zai fesa sabon fenti a kan tsohon ba tare da kankarewa ba, ya kuma yanka kuɗin da ya kusa na sababbi. Wanda ya fi sosa mini rai shi ne wanda ya kalli hoton ya ce, "Hajiya, wannan ai itacen girki ne." Kujerun uwata! Har na isa gida hawaye bai tsaya ba.

Shi Baba sai ya kife kujera ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya duba ko gara ta shiga, sannan ya ce, "'Yata, irin wannan katako yanzu sai an tona." Da ya ji abin da ke hannuna bai sauya fuska ba, sai ya raba mana aikin. Shi zai kwance mahaɗan da suka saki, ya kankare tsohon gam, ya sa sabo ya matse su kwana. Ƙusa kuwa ya ce ba zai buga ba, tsaga katakon zan take yi. Gogewa da fenti ni da yarana za mu yi a gida, kuɗin ya ragu.

Zama ya yi ya koya wa babban ɗana da hannunsa: a fara da samfefa mai lamba 80, a koma 120, a gama da 220, kullum ana bin tsawon katakon. Ya ja kunnenmu mu rufe hanci mu yi aikin a waje, domin tsohon fenti kan zo da dalma. Ramuka a cike su da ma'ajun, wato ƙullin toshe ramin katako, a sa fentin shimfiɗa, sannan shafi biyu marasa kauri. Ya ce danshin Bahar Maliya kan hana fenti bushewa da wuri, don haka kada mu yi gaggawar shafi na biyu. Ya hana ni sayen babban gwangwani, ƙarami ya ishe mu har da saura. Kuɗin wannan karatu ko riyal ɗaya bai karɓa ba.

Abin da ke damuna, masu sana'a da yawa yanzu sun raina ƙaramin aiki. In ba ɗaki guda za ka ba su ba, ko sallamarka da ƙyar suke amsawa. Suna tura talaka ya sayi kayan garin katako da aka matse, wanda ruwa na taɓa shi ya kumbura, alhali nagarin yana jingine a bayan gida. Yaran da suke koyarwa ma fesawa kawai suka iya, ba su san haɗa ƙafar kujera ba.

Baba, Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya jiƙan magabatanka, ya sa yaran shagonka su gaje ka.

Wassalam,
'Yarka daga Jidda