Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masoya kiɗan metal, shekarar 2025

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Sakatarenku ne dai, kuma tunda tsarin ƙungiya ya ce sai an rubuta abin da aka yi a shekara to ga shi, sai dai ku yi haƙuri don da na buɗe littafin da nake rubuta bayanan taro sai na tarar gardama ta ninka shawara yawa, haka zan kawo muku shi.

Zaman sauraro na wata-wata bai tsaya ba, kowa ya zo da waƙarsa ɗaya ya kare ta. Sabon abu bana shi ne dokar nan da muka kafa cewa ba mai buɗe baki sai waƙa ta kai ƙarshe, saboda bara kam kafin jita ta shigo an fara musu. Dokar ta yi aiki, in ka cire ranar da wani ɗan'uwa ya zo da You Suffer ta Napalm Death, waƙar da tsawonta bai kai daƙiƙa biyu ba, ya kunna ta ƙare ya ce to yanzu yana da damar magana. Ba mu ci shi tara ba don bai karya doka ba.

Maganar makaɗa ganga ita ta cinye mana rabin shekara. Ɓangaren masu son gudu sun fara da Overkill ta Motörhead, 1979, inda Phil Taylor ya buɗe waƙar da ganga biyu na ƙafa ba tsayawa, daga nan suka wuce Dave Lombardo na Slayer, haifaffen Kuba, suka sa mana Angel of Death suna ta maimaita wurin nan kusa da ƙarshe da jita ke yin shiru a bar ƙafafunsa kaɗai suna ruwan duka, sannan suka rufe da buɗewar Painkiller ta 1990 da Scott Travis ya yi wa Judas Priest. To sai dattawan ƙungiya suka ce a dakata. Suka sa Where Eagles Dare, waƙar farko a albam ɗin Iron Maiden mai suna Piece of Mind na 1983, suka ce a lissafa bugun ƙafar Nicko McBrain sannan a tuna feda ɗaya yake takawa, ƙafa ɗaya tal. Wallahi zauren ya yi tsit. Mutumin ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki a 2023 ya dawo ya ci gaba da kiɗa har zuwa Disamba 2024 da ya ajiye yawon wasa, shi ya sa ma ranar aka fi yi masa kara.

Lars Ulrich makaɗin Metallica kuwa kun san hali, duk shekara sai an gurfanar da shi. Masu ƙara suna cewa a dandamali lokacinsa yana rawa, yau ya yi gaba gobe ya yi baya, masu kare shi suna cewa a je a saurari One, wurin da ƙafa da jita suke haɗuwa kamar harbin bindiga, wa ya tsara wannan? Ni ra'ayina, kuma na faɗa a zaman, Lars ba makaɗin da za ka kalla ka riƙe baki ba ne amma kunnensa na gina waƙa kaɗan ne suke da shi, ya san inda zai bari a huta. Abin da ban yafe ba shi ne bas ɗin Jason Newsted da aka danne a albam ɗin 1988 da One take ciki har ba ka jin sa, wannan ko masu kare shi sunkuyar da kai suka yi.

Zaman da aka fi dariya shi ne na Bleed ta Meshuggah. Muka raba zaure biyu, wasu su tafa abin da hannun Tomas Haake ke yi, wasu su buga ƙafa a ƙasa su bi ƙafafunsa. Hannun ba wuya, huɗu-huɗu ne a miƙe. Ƙafar ce masifa, wani ɗan guntun salo ne mai tafiya uku-uku da yake ta zagayawa a ƙarƙashin huɗun, ba sa sake haɗuwa a wuri ɗaya sai an yi nisa. Ko minti ɗaya ba mu kai ba kowa ya kama gabansa. Tun daga ranar na lura masu cewa wai wannan kiɗa hayaniya ce kawai da sauri, ko a cikinmu akwai su, sun rage murya.

Sai watan Yuli. Ranar 5 ga wata Black Sabbath suka yi wasan bankwana a filin Villa Park da ke Birmingham, garinsu, su huɗun asali wato Ozzy Osbourne da Tony Iommi da Geezer Butler da Bill Ward, Ozzy a zaune kan kujera saboda ciwon Parkinson. Ranar 22 ga wata Ozzy, mawaƙinsu, ya rasu. Mun soke abin da muka shirya muka zauna muka saurari albam ɗinsu biyu na 1970 daga farko har ƙarshe, kuma abin mamaki zaman makokin mawaƙi ya koma zaman makaɗi, don a War Pigs ne matasanmu da suka taso da ƙafa biyu da gudu suka ji makaɗin gangarsu Bill Ward da kyau, mutumin da ya taso yana sauraron jaz, ba ya tafiya a miƙe kamar inji, yana jan lokaci yana sakinsa, ya bar fili sannan ya cike shi da dirin ganguna. Wani yaro ya ce shi da ya ɗauka kuskure ne. Aka ce masa to ka gwada yin kuskuren mu gani. A ganina wannan ne zaman da ya fi kowane amfani a bana, daga shi tambayar wa ya fi sauri ta fara zama tambayar wa ya fi sa waƙa nauyi, kuma gardamar ta fi daɗi haka.

Ta fannin murya, Ozzy da Dio ba a raba gardama ba kuma ba za a raba ba. Kowa ya yarda Ronnie James Dio, wanda ya maye gurbin Ozzy a Black Sabbath, ya fi ƙarfin murya da iya sarrafa ta, Heaven and Hell ta 1980 shaida ce, amma masu Ozzy sun ce muryar nan tasa mai kama da kukan wanda ya ga abin tsoro ita ce Sabbath ɗin. Bruce Dickinson da Paul Di'Anno, mawaƙan Iron Maiden, ma haka, sai dai tunda Di'Anno ya rasu a 2024 masu sukarsa sun yi laushi. Rob Halford na Judas Priest ne kaɗai ba wanda ya taɓa. Su kuma masu cewa gurnani ba waƙa ba ce, 'yan'uwanmu mata suka yi musu tarko, suka sa Arch Enemy ta zamanin Angela Gossow ba su faɗi komai ba, aka gama yabon ƙaton da ke rera waƙar sannan suka ce ai mace ce.

Mun kuma taɓa Roots ta Sepultura, 1996, don jin yadda Igor Cavalera ya cusa gangunan Brazil cikin metal, amma lokaci ya ƙure ba mu yi mata adalci ba.

Abin da bai yiwu ba: ajin koyon ganga da muka yi alkawari. Ba mu samu wurin da za a jure ƙarar ba, sai roba muke ta bugawa da sanduna, kuma masu zuwa suka dinga zamewa ɗaya bayan ɗaya. Sifika ɗaya ta ƙone a zaman Slayer, wanda ya murɗa ƙara ya san kansa, an gyara daga asusu. Kuɗin wata kuma da yawanmu ana bin mu bashi, har da wasu shugabanni, ma'aji zai karanto lissafi dalla-dalla a babban taro kuma ya ce bana da sunaye zai karanta. Makara ma ta yi yawa, ana sa ƙarfe huɗu mutum ya shigo ana naɗe wayoyi ya ce a sake sa waƙarsa.

A 2026 albam ɗin Master of Puppets na Metallica da Reign in Blood na Slayer duk suna cika shekara 40, saboda haka zaman farko nasu ne, za a sa su a jere, na Slayer ko minti 30 bai kai ba don haka ba mai uzurin tafiya. Bayansa za a yi zaɓen sabbin shugabanni. Mai son kujerar sakatare don Allah ya fito, kuma wanda ya ari sandunan ganga na ƙungiya tun watan Maris ya taho da su.

Naku,
Sakatare