Kada Kuɗin Talabijin Ya Rufe Mana Ido Kan Aikin Wakilin Wasanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton kwantiragin da tashar ESPN ta Amurka ta ƙulla da mai sharhin wasanni Stephen A. Smith a 2025, wanda aka ce ya kai dala miliyan 100 na shekara 5. Kowa kuɗin yake kallo, ba a waiwayar inda mutumin ya fito.

Kafin rediyo da First Take, shirin muhawarar wasanni na ESPN, Smith ɗan jarida ne a Philadelphia Inquirer tun 1994. Ya yi shekaru yana bin ƙungiyar ƙwallon kwando ta 76ers zamanin tauraronta Allen Iverson, yana zama da 'yan wasa, yana tantance labari kafin ya rubuta. A can ya samo majiyoyin da yake taƙama da su yau. Amma a 2023 jaridar New York Times ta rushe sashenta na wasanni. Idan jaridu suka daina renon wakilai, mai sharhi na gobe surutu kawai zai iya.

Shawarata ga wannan jarida: a ware wakili matashi mai zuwa fili da kansa, ya bi Kano Pillars ko Katsina United kakar wasa guda, a kuma biya masa kuɗin tafiya.

Naku,
Mai karatu daga Kano