A Miƙa Wa Ɗaliban Zane Makullin Zaurensu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba kasafai ake tattauna shi a shafukanmu ba, wato zaurukan baje kolin zane-zane waɗanda ɗalibai da kansu suke gudanarwa a makarantun koyon zane da sassaƙa. Ni tsohon malamin zane ne a makarantar sakandare, kuma na shafe shekaru ina ganin ana yaye yara masu baiwar hannu, waɗanda idan suka zana tsohuwa mai tallar daddawa sai ka rantse za ta buɗe baki ta faɗi farashi, amma ba su taɓa kafa ƙusa a bango domin jama'a su kalli aikinsu ba.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki alƙalami shi ne wata ziyara da na kai a daminar bara zuwa kwalejin da na yi karatu, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Na nemi a nuna mini ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe, sai aka yi ta cigiyar wanda yake riƙe da makullin sito har la'asar ta kawo jiki. Da aka buɗe, warin danshi ne ya fara yi mana maraba. An jingine zane-zane ɗaya bayan ɗaya kamar faifai a kasuwa, gara ta cinye katakon firam, yoyon rufi ya bar tabo a kan yadi, tukwanen yumɓu kuma sun farfashe a lungu. Na ciro wani zane na masu rini a bakin marina, wanda mai shi ya fitar da shuɗin baba yadda ya kamata, na juya bayansa sai na ga an rubuta makin jarrabawa da jan biro. Mutum uku kaɗai suka taɓa tsayawa a gaban wannan aiki: wanda ya zana shi, da malaminsa, da mai jarrabawar da aka gayyato daga wata makaranta.

Wannan cuta ce zauren ɗalibai yake magancewa, kuma tarihinsa ya nuna cewa galibi ɗaliban ne suke fara ƙwatar wa kansu fili kafin hukuma ta waiwaye su. A birnin Chicago na ƙasar Amurka akwai makarantar zane da ke haɗe da babban gidan adana zane-zane na Art Institute, wadda asalinta ya faro tun shekarar 1866. A 1947 gidan ya hana ɗalibai shiga baje kolin shekara-shekara da yake shirya wa masu zanen birnin da kewaye. Da yawa daga cikin ɗaliban wannan lokaci magidanta ne da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu, saboda haka ba su karɓi hukuncin hannu bibbiyu ba. Sai suka haɗa kai da takwarorinsu na wata makarantar fasaha da ke birnin, suka shirya nasu baje kolin a 1948 da sunan Exhibition Momentum, kuma a cikinsu har da Leon Golub, wanda daga baya ya yi suna a duniya. Shekaru da yawa bayan haka, a 1994, aka kafa a makarantar zaurukan dindindin da ake kira Student Union Galleries, waɗanda yanzu aka sani da SITE, inda ɗalibai ne suke karɓar takardun masu neman nuna aiki, su zaɓa, su rataya, su yi shela, yayin da ma'aikacin makaranta yake zaman mai ba da shawara.

A Landan ma, a 1988, wani ɗalibin kwalejin Goldsmiths mai suna Damien Hirst ya samu aron wani tsohon ginin hukumar tashar jiragen ruwa da ba kowa a cikinsa, shi da abokansa suka share, suka shafe bango da farin fenti, suka nuna ayyukan mutum 16 a baje kolin da suka sa wa suna Freeze. Shekara bakwai bayan haka Hirst ya ci kyautar Turner, wadda ita ce mafi shahara a fagen zane a Ingila. Ni dai ba dukan ayyukansa ne suke burge ni ba, amma ba wanda zai musa cewa yaron ya san yadda ake jawo mutane su zo su gani.

Mu ma a nan gida muna da namu tarihin, kuma a Zariya ya faru. A 1955 aka ɗauko sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan aka dawo da shi Zariya, kwalejin da a 1962 ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, kuma manhajar da suke koyarwa ta can ce. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya, wadda daga baya aka riƙa yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Gaskiya ce cewa ba zaure suka buɗe ba. Taruwa suke yi bayan darasi, kowa ya kawo aikinsa a yi masa gyara ba sani ba sabo, su kuma yi muhawara a kan yadda za a gauraya dabarun da aka koya daga Turawa da adon gargajiya na ƙasa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo, wasu kuma suka ɗebi darasi daga adon bangon gidajen birnin Zazzau. Ƙungiyar ta watse a 1961 da manyanta suka kammala karatu, amma tun kafin nan, a bikin samun 'yancin kai na Oktoban 1960, an riga an ga ayyukan wasunsu a Legas. Abin lura shi ne sai da suka yi doguwar tafiya zuwa Legas da Ibadan kafin jama'a su san da su, alhali a Zariya aka yi zanen.

To, mene ne ɗalibi yake koya a zauren da yake gudanarwa wanda aji ba zai ba shi ba? Na taɓa gwada abin a ɗan ƙaramin mataki, lokacin da na ba 'yan ajin ƙarshe aron ɗakin taro na mako guda, na ce su zaɓi zane ashirin daga cikin fiye da sittin, ni kuma na koma bakin taga na zuba ido. Rigimar farko a kan ƙusa aka yi ta. Wani dogon yaro ya hau tsani ya rataya komai kusa da silin, sai wata yarinya ta kawo tef ɗin awo ta nuna masa cewa tsakiyar zane ya kamata ya dace da idon mai kallo, kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, aka sauke duka aka sake. Rigima ta biyu ta fi zafi, domin shugaban kwamitin ya ga dole a ajiye zanen amininsa, wanda tare suke cin abinci a kwano ɗaya. Ya zo wurina yana neman in yanke hukunci, na ce masa ai ba ni ne mai zaure ba. Ya koma ya yi wa abokin bayani da bakinsa, suka yi kwana biyu ba sa ga maciji, sannan suka shirya. Ranar buɗewa wani dattijo mai ɗinkin hula ya tsaya a gaban wani zane ya ce wa mai shi ta karkata aska takwas ɗin da ke gaban rigar, kuma gaskiyarsa ce, domin ni da na ba ta maki ban lura ba.

Bayan wannan akwai rubuta ɗan bayanin da ake mannawa a gefen aiki, da lissafin kuɗin fenti da ƙusa da ƙwan lantarki, da tsara masu gadin zaure, da sanya farashi idan mai saye ya taya, waɗanda duka sana'o'i ne da ake ci da su a gidajen tarihi da zaurukan kasuwanci na Legas da Abuja.

Na san za a ce yara za su yi son kai, ko su yi wasa da kuɗi, ko su rataya abin da zai ɓata wa jama'a rai, musamman a yankinmu da mutane da yawa suke da ra'ayi mai ƙarfi a kan mutum-mutumi da surar mai rai. Waɗannan ba ƙananan maganganu ba ne. Sai dai maganin son kai shi ne rubutacciyar ƙa'ida da canja kwamiti kowace shekara, tare da hana ɗan kwamiti zaɓar aikinsa. Maganin wasa da kuɗi kuma shi ne a karanta lissafi a gaban kowa ƙarshen zango. Batun jama'a kuwa, gara ɗalibi ya koyi sanin mutanensa tun yana makaranta, ya gane cewa zayyana da rubutun ado da zanen ƙwarya da aikin fata duk suna da gurbi a bango, kuma su ne za su fara jawo iyayensa su shigo. Inda nake jin tsoro shi ne a kafa zaure da sunan ɗalibai, amma shugaban sashe ya sa makulli a aljihu, a riƙa buɗewa sai ranar da manyan baƙi za su zo.

Saboda haka ina kira ga shugabannin jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha masu sashen zane, su ware ɗaki guda mai rufi mai kyau, kusa da ƙofar shiga yadda mutumin gari zai iya leƙawa ba tare da an tsare shi da tambayoyi ba. Su sa masa fitilu, su ba da ɗan kasafi kowane zango, su naɗa malami ɗaya mai ba da shawara, sannan su miƙa makullin ga kwamitin da ɗaliban suka zaɓa. Idan kwalejinmu ta amsa wannan kira, ni na ɗauki nauyin bokitin farin fenti na farko, kuma ina roƙon a fara da zanen masu rinin nan, idan gara ta bar sauransa.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin zane,
Funtuwa, Jihar Katsina.