Kada Mu Yar da Ambulan Ɗin Mazan Jiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana da iyalan tsofaffin sojoji, musamman jikokin waɗanda suka je yaƙin Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar.

Bara, bayan rasuwar gwaggona, muka buɗe adakar kakanmu. A ƙarƙashin lambobinsa na yabo muka tarar da wasiƙu goma sha ɗaya da ya aiko gida tsakanin 1944 da 1946. Yana cikin Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga garin Myohaung a Janairun 1945. Bai yi boko ba, akawun kamfaninsu ke rubuta masa. Guda biyu ne kawai ya rubuta da hannunsa, da ajami, kuma su ne suka sa ni hawaye. Gaisuwa ce, da tambayar yadda damina ta yi, da ko kuɗin da ake yanka a albashinsa suna isa hannun mahaifiyarsa. Ko sau ɗaya bai faɗi inda yake ba, domin an hana su.

Abin da bakinsa bai faɗa ba, ambulan ya faɗa. Kowanne na ɗauke da hatimin gidan wayar sojoji na fagen daga, mai kwanan wata da lamba, babu sunan gari. Gefe guda ga hatimin mai tace wasiƙu da sa hannun hafsan da ya karanta kafin a liƙe. A wata wasiƙar ma an yanke layi guda da reza. A bayan wani ambulan akwai hatimin gidan wayar Zariya, da na lissafa sai na ga mako bakwai ya yi a hanya. Masu tara irin waɗannan takardu sun bi diddigin lambobin nan, sun san wace runduna ce ta yi amfani da wace lamba, a ina, a wane wata. Ke nan da ambulan kaɗai ana iya gano inda mutum yake lokacin da ya zauna ya tuna gida.

Abin takaici, kafin in iso, wani yaro a gidanmu ya riga ya yanke kan sarkin Indiya mai hoton Sarki George na Shida daga ambulan huɗu, ragowar ambulan huɗun kuma ya zuba a murhu. Ban ga laifinsa ba. Mu ma haka muka taso, muna zaton kan sarkin ne abin ajiya.

Na leƙa intanet na ga yadda ake gwanjon irin waɗannan ambulan a Ingila. Yawancin waɗanda na gani na hafsoshin Turawa ne zuwa ga iyalansu. Na baƙar fata kuwa, wanda ya yi dakon kaya a ka cikin dazukan Arakan na ƙasar Bama, ya zo nan, yana cikin adakoki gara na ci. Muna wuce barikin Chindit a Zariya da na Kalapanzin a Kaduna kullum, amma mutum nawa ne suka san daga Bama sunayen suka zo?

Haka kuma wasiƙun waɗanda suka je Habasha a 1941, da Kwango a 1960, da Laberiya a 1990. Su ma a duba su.

Roƙona ga iyalai, kada a raba wasiƙa da ambulanta, kada a manna mata salatif, kada a kai ta a rufe da roba mai zafi. A sa ta cikin takarda mai tsabta, nesa da laima. Ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna kuma, ina roƙon su ware rana su gayyaci jama'a, a ɗauki hoton kowace wasiƙa ciki da baya, a mayar wa mai ita abarsa. Ranar da aka kira, ni zan fara zuwa da bakwai ɗin da suka tsira da ambulansu.

Naka,
Jikan wani tsohon soja,
Tudun Wada, Zariya.