Baba Alhaji, ga amsar tambayar da ka yi mani a rediyo

Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ina gaisuwa irin ta ɗa da uba, ya iyali, ya zafin garin nan? Allah shi ƙara girma da lafiya.

Ranar da anka gayyace ni rediyo kan maganar aikin yi ga naƙasassu ka bugo waya ka yi mani tambaya, sai lokaci ya ƙure ban samu amsa maka ba. Tunda a bainar jama'a ka yi ta kuma mutane da yawa sun ce abin da ke ransu ka faɗi, bari ita ma amsar ta fito fili. Cewa ka yi, mu da gwamnati ke ba alawus duk wata, ga zakka ga sadaka ga 'yan'uwa, mi muke nema da aiki kuma alhali masu ƙafa biyu da digiri na yawo ba su samu ba? Sannan wanga zaman dogaro da kai da muke ta faɗi, so muke mu bar gidajen iyayenmu mu koma rayuwar Turawa?

Bari in fara da alawus ɗin don shi ne mai sauƙi. Tun zamanin Wamakko anka fara ba naƙasassu naira 6,500 a wata a jihar nan, ya zo ya tsaya, gwamnatin Ahmed Aliyu ta dawo da shi ta mai da shi 10,000. Mun gode wallahi, jihohi nawa ne ko sisi ba su bayarwa. Amma Baba kai ɗan kasuwa ne, raba 10,000 gida talatin, naira 333 ke nan a yini. Ka tsai da mai kabu-kabu ka tambaye shi nawa zai kai ka babbar kasuwa daga Mabera ya dawo da kai, ba a yi maganar koko da ƙosai ba balle magani balle facin tayar keken guragu. Mafi ƙarancin albashi da gwamnatin tarayya ta sa hannu a 2024 naira 70,000 ne kuma ma'aikata kuka suke da shi. Kuma ba kowa ke cikin lis ɗin ba, ka leƙa ƙauyukan Tangaza ko Gudu ko Isa ka gani.

To ko da kuɗin sun isa ma, akwai abin da sadaka ba ta sayen ma mutum. Mai bayarwa shi ke zaɓen rana, shi ke zaɓen nawa, in ya yi fushi ko kasuwa ta juya masa baya shi ke nan. Ni shan inna ta kama ni ina ƙarami, na tashi ina ganin yadda ake yanke magana a kaina ina zaune a wurin, a tambayi yayana ko na ci abinci ni kuwa ga ni da bakina. Sai da na fara gyaran waya na fara kawo cefane anka fara cewa "bari a ji ta bakinsa". Kuma kai uba ne Baba, in yaro ya zo neman ɗiyarka tambayar farko bayan asali da addini ita ce mi sana'arsa. Ban taɓa jin an ɗaura aure an ce sana'ar ango karɓar alawus ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, ku kunka koya muna wannan tun muna yara, ban san ranar da anka cire gurgu da makaho da kurma daga cikinta ba.

Maganar 'yan'uwa kuwa, Allah shi saka masu, ba mu da kamarsu. Sai dai duk uwar da ke da yaro naƙasasshe abu guda ke hana ta barci, wa zai riƙe shi in na mutu. Na ga gidajen da uwa na rasuwa aka fara tura mutum daga ɗakin wannan zuwa na wancan, matan 'yan'uwa na ƙorafi, ƙarshe sai bakin Masallacin Shehu ranar Juma'a da ƙoƙo. Kuma ka lura da abin da barar makaho guda ke ci, mutum biyu take ci, don ɗan jagoran nan da ke riƙe da sanda yaro ne ɗan shekara takwas ko goma da ya kamata a ce yana aji, an cire shi boko an cire shi islamiyya yana yawo a rana daga Gawon Nama zuwa Kofar Rini. In anka koya ma makahon tafiya da farar sanda anka ba shi abin yi, yaron nan ya koma makaranta. Wannan kaɗai ya ishe ni hujja ko ba a ƙara komai ba.

Ka ce masu digiri ba su samu aiki ba. Gaskiya ne, ƙannena ma suna ciki. Amma su dai suna kai takardunsu ga mai dubawa. Akwai wani ofis da na je intabiyu, ba zan kama suna ba, ɗakin na hawa na biyu, ba lif ba gangara, masinja ya dube ni ya dubi matakala ya zaro naira ɗari ya miƙo mani, a ransa bara na zo. Na ja jiki na hau da hannu, na isa da farar shaddata ta koma kalar ƙasa, tambayar da sunka fi daɗewa a kai ita ce yaya zan riƙa zuwa kullum. Ba mu ce a ba mu aikin da ba mu iya ba, a gwada mu in mun faɗi mun faɗi. Kuma maganar nan doka ce ba roƙo ba. A watan Janairun 2019 Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna ma naƙasassu bambanci, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aiki, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ta sa tarar naira 100,000 ko wata shida a gidan yari ga mutum, miliyan guda ga kamfani. A 2020 anka kafa hukuma ta ƙasa don aikin. Kai da ke shiga bankuna da ofisoshi, don Allah ka riƙa ƙirga matakala ka ga inda dokar ta tsaya.

Ni ma fa ban sa rai ga aikin gwamnati can can ba, guraben nawa ne duka. Aikin Sakkwato na kasuwa da unguwa. Ka je Madunka ka ga masu aikin fata, a zaune suke yini suna ɗinka jaka da takalmi da layu da fatar jar akuyar nan da duniya ta san mu da ita, ƙafa mi take yi a wurin? Haka tela, haka ɗinkin hula, haka gyaran agogo da waya, haka POS, haka sayar da data. Kurame kuwa duk kafinta ko mai walda da ya taɓa aiki da su zai faɗa maka ba su da surutu ba su da ha'inci a aiki, nuni guda suke so. Makafi yanzu wayar Android na karanta masu saƙo da TalkBack, suna tura kuɗi suna rubutu, wasu sun yi digiri suna koyarwa. Ga makarantar A.A. Raji nan cikin gari tana yaye makafi da kurame duk shekara, inda gizo ke saƙa shi ne bayan sun gama, yaro ya iya rubutun makafi ya iya maganar hannu ya dawo gida ya zauna, shekara biyu sai ka gan shi a danja. Mu kuma muna da tsarin da ya fi kowane ofis aiki, uban gida ya ɗauki yaro ya koya masa sana'a ya yaye shi da ɗan jari. Da shi kai kanka ka tashi Baba. Abin da muke nema a buɗe muna wagga ƙofa, don sau da yawa in uba ya kai ɗansa gurgu wurin mai shago sai a ce "Allah sarki", a ba yaron na alawa, a ce ba wuri.

Sai maganar Turawa. Eh, sunan daga can ya zo. Wani Ba'amurke Ed Roberts da shan inna ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa, da injin numfashi yake kwana, shi da abokansa sunka kafa cibiyar farko ta zaman dogaro da kai na naƙasassu a garin Bakili na jihar Kalifoniya a 1972. Mutumin nan ko wanka bai iya yi da kansa, kullum da masu taimaka masa, ka ga ashe ba zaman kaɗaici suke nufi ba, nufinsu shi zai ce ga lokacin da zan tashi, ga inda za ni, ga wanda zai taimake ni. Kuma in don wannan ne ba mu buƙatar zuwa Amurka. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, ladanin Manzon Allah (SAW) ne, kuma sau da yawa in za a fita yaƙi shi ake bar ma Madina yana ba mutane salla, saboda shi Suratu Abasa ta sauka. Aɗa'u ɗan Abi Rabah yana ɗingishi, hannunsa shanyayye, daga baya ya makance, amma shi ne mai fatawar Makka a zamaninsa. Malaman tarihi sun kawo cewa Umaru ɗan Abdul'aziz ya sa a ba kowane makaho ɗan jagora daga baitulmali. Ka ga gwamnati ce ta biya jagoran, ba ta ciro ɗan mutum daga makaranta ba.

In ka ce in faɗa maka yadda abin yake a Sakkwatance, ƙananan abubuwa ne da mai lafiya bai ko ganinsu. Dokin ƙofar zaure da keke bai iya hayewa. Lambatun ƙofar gida da ba a rufe ba. Makewayi, wanda kunya ke hana mu faɗi a rediyo, mutum babba mai gemu sai ya ja jiki da hannu a ƙasa mai ruwa, akwai waɗanda ke ƙin shan ruwa yini guda cikin zafin Afrilu don gudun wannan, alhali kujerar ƙarfe mai rami da kowane mai walda zai iya haɗawa da ƙarfen riƙo a bango sun raba gardama. Kurma mace ta je awon ciki ba mai fassara, sai ɗanta ƙarami ke tsakaninta da nas yana jin abin da bai kamata ya ji ba. 'Yan'uwanmu na Amanawa da kuturta ta ci ma yatsu ana ce masu su dangwala a banki. Da katin ATM, wanda ya fi ci mani rai, kuɗi da sunanka katin kuma a aljihun wani, shi ya san fin, sai abin da ya ga dama ya ba ka kuma in ka yi magana an ce ba ka da godiya. Duk waɗannan ana iya gyara su mutum na cikin gidan ubansa, ba wanda ya ce zai yi ƙaura.

Na san abin da za ka ce, an sha raba keken ɗinki sun sayar sun koma bara. An yi, na san masu yi. Wasu son banza ne kawai, Juma'a guda a bakin masallaci ta fi masu ɗinkin sati, kuma iyayen da ke tura yaro naƙasasshe bara suna karɓe kuɗin su sani dokar 2019 ta haramta hakan ita ma. Amma da yawa an ba su keke ne bayan horon sati biyu a gaban kyamara, ba shago, ba zare, ba wanda zai kawo ɗinki, ga yunwa. Ko mai lafiya ka yi ma haka sayarwa zai yi. Akwai kuma waɗanda lalurarsu ta yi nauyi ba za su iya kowane aiki ba, su zakka haƙƙinsu ce, kuma in mu masu iyawa munka fita layi rabonsu ya ƙaru. Da Hukumar Zakka da Waƙafi za ta riƙa biyan kuɗin koyon sana'a na shekara guda wurin uban gida na gaske, da kuɗin abin hawa, a riƙa leƙawa ana duba yaron, da an ga bambanci.

Don haka ga roƙona gare ka kai tsaye Baba, tunda kana da shaguna kuma ana jin maganarka a kwamitin masallacin unguwarku. A zuba gangara a ƙofa guda ta masallacin, a sa benci a wurin alwala, aikin birkila ne na yini. Sannan ka ɗauki yaro kurma guda cikin yaran shagonka, ka biya shi abin da kake biyan sauran, in ya makara ka yi masa faɗa yadda kake yi masu, kar ka ce a bar shi don lalura. In bayan wata shida bai yi ba ka sallame shi ka faɗa mani dalili. Akwai yara uku da sunka gama sakandare da iyayensu sun amince, ɗaya ya iya lissafi sosai, kuma zan zo da wanda zai koya ma yaran shagon maganar hannu ta yau da kullum, nawa, kawo, kai, gobe, ba ta wuce zama biyu zuwa uku. Ka aiko a faɗa mani ranar da kake shago.

A gai da su Inna.

Ɗanka mai gyaran waya,
daga Sakkwato.