A duba hanyoyin da dankalin turawa ke bi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi tsokaci kan dankalin turawa. Duk lokacin da ya yi tsada sai a ɗora wa dillalai laifi. Suna da nasu, amma a ganina hanya ce ta fi kowa yanke farashi.

Mafi yawan dankalin ƙasar nan daga Filato yake fitowa, musamman Bokkos, Mangu da Barikin Ladi, saboda sanyin ƙasar. To ai tsaunin Mambila a Taraba ma sanyi gare shi, kuma ana noma dankali a can. Me ya hana shi karawa da na Jos a kasuwar Yankaba ta Kano? Motar da ta yi lodi a kasuwar Maikatako ta Bokkos, in ta bi ta Saminaka, kwana ɗaya ya ishe ta. Wadda ta taso daga Gembu a kan Mambila kuwa sai ta gangaro tsauni zuwa Serti, ta wuce Bali, ta kai Jalingo, sannan a fara zancen Gombe da Bauchi. Dankali ba masara ba ne. In ya sha jijjiga fatarsa ta kuje, zafi kuma ya bugi buhu, sai ruɓa. Ɗan kasuwa ya san da haka, shi ya sa tun a gona yake zaftare asararsa daga kuɗin manomi.

Ko a cikin Filaton ba a zama ɗaya ba. Dankalin damina yana nuna ne daidai lokacin da hanyoyin ƙauye suka zama taɓo. Wanda gonarsa ke bakin kwalta yakan yi ciniki da masu saye da yawa. Na lungu sai ya biya ɗan acaba ya fitar masa buhu ɗaya-ɗaya, ko ya karɓi abin da aka taya.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya ƙara nauyi. Ga shingayen masu karɓar haraji, ga Hawan Kibo da ke kayar da manyan motoci masu nufar Abuja da Legas.

Ina kira ga gwamnatocin Filato da Taraba, kafin su gina sababbin rumfunan kasuwa, su fara zuba tsakuwa da kwalbatoci a hanyoyin da ke haɗa gonaki da babban titi, kuma a yi aikin da rani.

Naku,
Mai karatu daga Jos